Sharhi: Jangorzo da Ɗan Kasawa, ƙungiyoyin wa ne?

Duk wanda ya ratsa Gidan Rumji a daren da Real Madrid za ta kara da Barcelona ya san yadda gidajen kallo ke cika. Samari sun biya dala-dalarsu, an tayar da janareta, ana musu kamar za a ba hammata iska. Yaro ɗan shekara 12 zai lissafo maka 'yan wasan Arsenal ɗaya bayan ɗaya. Amma ka tambaye shi yaushe wata ƙungiya ta jihar Maradi ta taɓa zama zakarar Nijar, sai ya yi shiru. Babansa ma sai ya yi tunani kafin ya amsa.

Amsar ita ce 1983. A shekarar ce Jangorzo ta Maradi ta lashe gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Shekara ɗaya bayan haka, a 1984, Espoir ta Damagaram ta karɓa. Tun daga nan, shekara 40 cur zuwa 2024, kambun bai sake fita daga birnin Yamai ba. Wannan shi ne batun da muke son mu duba yau, don ba maganar wasa kaɗai ba ce. Magana ce ta ina yaranmu masu baiwa za su dosa, da kuma wa zai riƙe abin da ke ɗauke da sunanmu.

Sunayen da ba a raɗa su banza ba

Mu fara da sunayen. Waɗanda suka kafa ƙungiyoyin Maradi ba su ari suna daga Faransa ko Ingila ba. Jangorzo kirari ne na Hausa, jan gwarzo, namijin da ba ya gudu. Ɗan Kasawa kuwa sunan sarki ne. Bayan da dakarun jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, gidan sarautar ya fice, kuma Ɗan Kasawa ne ya kafa sarautar Katsinar Maradi wajen 1819. Mu nan gundumar Gidan Rumji mun san irin wannan tarihi, domin Tibiri da ke cikin gundumarmu ita ce mazaunin Gobirawa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ke nan duk ranar da yaro ya saka rigar Ɗan Kasawa ya shiga fili, sunan wanda ya tara mutanen da aka tarwatsa ya sake gina musu gida yake ɗauke da shi.

To amma suna ba ya sayen man mota. Daga Maradi zuwa Yamai sama da kilomita 600 ne, kuma mafi yawan ƙungiyoyin babban rukuni a can suke. Kowace tafiya akwai kuɗin mota, masauki, abinci da alawus. Ƙungiyar Yamai za ta buga yawancin wasanninta ba tare da ta bar gari ba, ita kuwa ta Maradi ko Damagaram ko Arlit tun kafin alƙalin wasa ya busa usur ta riga ta kashe kuɗi da ƙarfi a hanya.

Wa ke cin kofi a Nijar?

In muka duba jerin zakaru daga 2010 zuwa 2024 za mu ga abin a fili. AS FAN ta sojoji ta ci a 2010, 2016 da 2017. AS GNN ta rundunar Garde Nationale ta ci a 2011, 2014, 2023 da 2024. AS Douanes ta jami'an dwan ta ci a 2013 da 2015. SONIDEP ta kamfanin man fetur ta ci a 2018 da 2019. USGN ta jandarmomi ta ci a 2021, sannan Nigelec ta kamfanin wutar lantarki ta ci a 2022. A duk tsawon wannan lokaci, ƙungiyar da ba ta wata hukuma ba da ta samu ta ratsa ita ce Olympic ta Yamai a 2012.

Ba muna cewa waɗannan ƙungiyoyi sun yi laifi ba ne. Su ne ma suka fi fitar da ƙasar nan kunya a Afirka: AS FAN ta kai matakin rukuni na gasar cin kofin Confederation a 2010, USGN ma ta kai a kakar 2021 zuwa 2022. Abin da suke da shi wanda namu ba su da shi shi ne tabbas. Ɗan wasa ya san ƙarshen wata akwai albashi, wataƙila ma akwai aiki idan ya rataye takalmi. Saboda haka idan yaro ya yi fice a Maradi, ba a daɗewa sai a ji ya tafi Yamai. Wa zai ga laifinsa? Kowa da iyayen da ke jiransa.

Sai dai akwai abin da ƙasa ke rasawa a wannan tsari. Ƙungiyar hukuma tana da kuɗi amma ba ta da gari. Ba wanda aka haifa ɗan dwan ko ɗan jandarma, amma an haifi mutum Bamaraɗe, Bagobiri, Badamagare. Ƙungiyar gari kuma tana da jama'a amma aljihunta a bushe. Idan masu kuɗi ba su da 'yan kallo, masu 'yan kallo ba su da kuɗi, gasar ce ke yin sanyi, yara kuma su koma gidan kallo su ba Turai zuciyarsu.

Darasi daga filin kokowa

Kada wani ya ce mutanenmu ba su son wasan gida. Mu dubi kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar Takobi a Tawa, inda Kantu na Maradi ya zama sarkin kokowa na farko, kowace jiha ke zuwa da tawagarta, kuma gasar tana zagayawa jiha-jiha. Lokacin Takobi, manomi a Caɗakori ko Saye Sabuwa yana manne da rediyo a kunne, mata na guɗa idan ɗan Maradi ya yi kaye. Dalilin a bayyane yake: ɗan kokowa sunan jiharsa yake ɗauka, an san ƙauyensu, an san ubansa, makaɗa sun san kirarinsa. Abin da ya kamata Jangorzo da Ɗan Kasawa su zame mana ke nan a fagen ƙwallo.

Kuma ba fili muka rasa ba. Maradi ta samu gyare-gyare lokacin bikin Maradi Kwalliya na 2015, sannan a watan Fabrairun 2019 filin wasa na Maradi ya karɓi wasannin gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20, wadda Mali ta lashe. Mun ga yadda jama'a suka fito. Tambayar ita ce, bayan baƙi sun tafi, wa ke cika filin ranar Lahadi?

Abin da ya faru a Holan

Bari mu ɗan leƙa waje, ƙasar Holan, wadda ba ta kai jihar Maradi da Tawa girma ba idan an haɗa su, amma ƙwallonta ya zaga duniya. Akwai misalai uku a can da suka yi daidai da halin da muke ciki.

Na farko PSV ta birnin Eindhoven. An kafa ta a 1913 domin ma'aikatan kamfanin Philips, wato asalinta ƙungiyar kamfani ce kamar Nigelec ko SONIDEP. Daga baya ta buɗe ƙofa ga waɗanda ba ma'aikata ba, ta zama ta gari gaba ɗaya, har ta ci kofin zakarun Turai a 1988. Kamfani ya ci gaba da tallafawa, amma mutanen gari su ne suka ce tamu ce. Wannan ya nuna kuɗin kamfani da ƙaunar gari suna iya zama inuwa ɗaya. Ba dole ba ne duk kamfanin da ke son ƙwallo a Nijar ya kafa tasa ƙungiya a Yamai. Zai iya ɗaukar nauyin wadda ke da magoya baya tuni a jiha, ya sa sunansa a ƙirjin riga, ita kuma ta riƙe nata sunan.

Na biyu Ajax ta Amsterdam, wadda aka kafa a 1900. Ƙarfinta makarantar horar da yara ce. Tana renon yaro tun yana ƙarami, ta yi amfani da shi, ta sayar, ta zuba kuɗin a kan na baya. Da wannan tsari ta ci kofin zakarun Turai a 1995, tare da 'yan Najeriya biyu, Nwankwo Kanu da Finidi George. Tijjani Babangida, ɗan Kaduna, shi ma ya buga mata. Ahmed Musa kuwa daga Kano Pillars ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010. Ke nan hanyar daga ƙasar Hausa zuwa can ba mafarki ba ce, an bi ta.

Na uku shi ne na gargaɗi: Vitesse ta birnin Arnhem, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin ƙasar, an kafa ta a 1892. Daga 2010 ta faɗa hannun attajirai daga waje, kuɗi suka shigo, aka yi ta murna. Da aka fara tambayar asalin kuɗin da yadda ake tafiyar da su, sai gini ya fara tsagewa. A 2024 hukumar ƙwallon ƙasar ta zabtare mata maki 18, ta faɗo daga babban rukuni bayan shekara 35 tana ciki. Magoya bayan da suka gaji ƙungiyar daga kakanninsu ba su da ta cewa lokacin da ake sayar da ita, amma su ne suka kwana da baƙin ciki.

Mun kawo wannan ne saboda mun san al'adarmu. Idan ƙungiya ta shiga matsi, sai a ce bari a je wajen Alhaji wane ko ɗan siyasa wane. Allah ya saka wa masu bayarwa da alheri, Maradi gari ne na Alhazai kuma da yawa sun yi wa wasanni hidima. Amma ƙungiyar da ta jingina da mutum ɗaya, ranar da kasuwa ta juya masa baya ko zaɓe ya wuce, ita ma ta zauna ke nan. Ko maƙwabtanmu na Kano sun ɗanɗana. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar Najeriya sau huɗu, a 2008, 2012, 2013 da 2014, amma ta faɗo a 2022. Abin da ya taimaka ta dawo a 2023 har da jama'ar da ba su daina cewa sai masu gida ba.

Me ya rage gare mu?

Mu a ganinmu, abubuwa huɗu ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki.

Na ɗaya, katin zama mamba. Idan masoya ƙungiya a Maradi, Tibiri, Gidan Rumji, Agye da Gazawa za su riƙa biyan ko jika ɗaya a shekara, a ba su kati, a ba su ƙuri'a wajen zaɓen shugabanni, to ƙungiya ta samu iyaye da yawa. Amma sharaɗi shi ne a riƙa karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a. Mutanenmu ba rowa gare su ba, tsoron a ci amanarsu suke.

Na biyu, rajistar yara. Dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Wannan haƙƙi ba ya samuwa sai da takarda. Yaron da ya taso a filin makaranta a Gidan Sori ba tare da lasisi ba, ko ya kai Turai, ƙungiyar da ta saya masa takalmin farko ba za ta ga ko dala ba. Don haka masu horar da yara a unguwanni su nemi reshen FENIFOOT na jiha su yi wa ƙungiyoyinsu da yaransu rajista, iyaye kuma su tabbatar yaro yana da takardar haihuwa ta gaskiya.

Na uku, a haɗa gasar hutun damina da manyan ƙungiyoyi. Kowace shekara ana buga gasa a garuruwanmu, a ci kofi, a yi hoto, a watse. Ya kamata masu horarwa na Jangorzo da Ɗan Kasawa su riƙa zuwa suna zama a bakin fili. Gidan Rumji kimanin kilomita 50 ne kawai daga Maradi, a kan babbar hanya. Ranar da aka ce ɗan Tibiri ne ke tsaron gidan Jangorzo, za ku ga motocin haya cike suna shiga Maradi ba tare da an yi shela ba.

Na huɗu, mu kafofin yaɗa labarai. Mu ma muna da namu kason. Muna ba da sakamakon wasannin Ingila da Sifen da sassafe, amma na gida sai an tambaya. Abin da ba a ji a rediyo ba, ba a zuwa kallonsa.

Wani zai ce, ana fama da tsadar hatsi da matsalar tsaro a kan iyaka, ina ruwan talaka da ƙwallo? Mun fahimci wannan. Amma mu da ke zaune a nan mun san abin da zaman banza ke yi wa matashi bayan an gama girbi: ko ya kama hanyar Libiya da Aljeriya, ko ya faɗa shaye-shaye, ko a ja shi inda ba a so. Ƙwallo ba zai ba kowa aiki ba, ƙalilan ne za su ci abinci da shi. Amma ƙungiyar da ke da atisaye kullum da yamma, da mai horarwa da ake jin maganarsa, da dokar cewa sai ka je makaranta za ka buga, tana riƙe yara ɗari ko da ɗaya ne zai yi suna.

Waɗanda suka ga Jangorzo ta 1983 da idonsu yanzu sun manyanta. Muna kira ga duk wanda ya buga a wancan zamani, ko ya bi ƙungiyar, ko yake da tsohon hoto a akwati, ya zo gidan rediyo mu ɗauki muryarsa, domin yara su ji daga bakin masu abin. Sannan a filin wasanni na wannan mako za mu buɗe layi: shin za ku biya jika ɗaya a shekara don ƙungiyar jiharku, kuma da wane sharaɗi? Muna jiran ra'ayoyinku. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.