Inci 24 ko inci 27? Kada girman allo ya ruɗi mai sayen kwamfuta

Duk wanda ya leƙa shagunan kwamfuta a titin Beirut da ke Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, zai tarar an jera wasu kwamfutocin tebur da ba su da akwati a gefe. Allon ne kawai a tsaye, injin yana ɓoye a bayansa. Su ne dillalai ke kira all-in-one, wato komai a haɗe.

Masu shagunan buga takardu da makarantu da ofisoshi sun karɓe su hannu biyu, saboda ba sa cin wuri kuma babu tarin wayoyi a ƙarƙashin tebur. Tambayar farko da dillali kan yi wa mai saye ita ce: inci nawa ake so? Mutane da dama kuma sukan nuna mafi girma da kuɗinsu zai kai, a bisa tunanin cewa babban allo shi ne babbar kwamfuta.

Wannan tunani yana jawo asara. Ga yawancin masu saye, allo mai inci 24 ya wadatar, kuma rarar kuɗin da za a zuba wa inci 27 ta fi amfani idan aka sa ta a cikin injin. Inci 27 yana da masu buƙatarsa, amma da sharaɗi.

Yadda ake awon allo

Ana auna allo ne daga kusurwar sama zuwa kusurwar ƙasa da ke kallonta, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Wanda ake kira inci 24, a yawancin kwamfutoci inci 23.8 ne. Faɗinsa kusan santimita 53, tsayinsa kusan 30. Mai inci 27 yana da faɗin kusan santimita 60 da tsayin kusan 34. Ƙaraminsu, mai inci 21.5, faɗinsa kusan santimita 48 ne.

Inci uku ne kacal tsakanin 24 da 27 a baki, amma a fili mai 27 ya fi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa yake ɗaukar ido idan aka ajiye su kusa da juna a shago.

Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba

Hoton da ke kan allo taron ƙananan ɗigo ne da ake kira fikzil. Yawan waɗannan ɗigo shi ke yanke ko layi nawa na rubutu allon zai nuna, da kuma yadda rubutun zai fito tas.

Allon da aka rubuta masa Full HD yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimilla ɗigo miliyan biyu da ɗoriya. Wannan adadi ɗaya ne ko allon inci 21.5 ne, ko 24, ko 27. Ke nan ma'aikacin da ya buɗe jadawalin Excel a kan inci 27 mai Full HD zai ga layuka daidai da waɗanda abokin aikinsa ke gani a kan inci 24 mai Full HD. Ko layi ɗaya bai ƙaru ba, an dai buɗa girman kowane harafi.

Tunda an shimfiɗa adadi ɗaya a kan fili mafi girma, ɗigon sun yi gwari-gwari. A inci 24 akwai kusan ɗigo 93 a kowane inci, a inci 27 kuwa sun sauko zuwa kusan 82. Wanda ya zauna kusa zai ga gefen haruffa ya yi kaushi.

Wayar da ke hannun mai karatu ta isa misali. Waya mai inci 6.5 da ɗigo 2400 da 1080 tana da sama da ɗigo 400 a kowane inci, kuma jimillar ɗigonta ta fi ta wancan ƙaton allo mai inci 27. Idon da ya saba da rubutun waya zai ga bambancin tun ranar farko.

Inci 27 yana nuna amfaninsa ne idan ya zo da QHD, wato ɗigo 2560 da 1440. A nan ɗigon sun ƙaru da kusan kashi 78 cikin ɗari a kan Full HD, kuma kowane inci yana ɗauke da kusan 109. Ana iya buɗe takardu biyu gefe da gefe a karanta kowacce ba tare da matsi ba. Mai 4K, mai ɗigo 3840 da 2160, ya fi fitar da rubutu tas, sai dai Windows kan ƙara girman komai zuwa kashi 150 don ya karantu, don haka filin aikin yakan dawo daidai da na QHD.

Matsalar ita ce, masu inci 27 da ake samu da araha yawancinsu Full HD ne. Mai saye ya biya kuɗin babban allo, ya koma gida da filin aikin ƙarami.

Kamfanin Apple, wanda ya fito da iMac a 1998, ya ba da darasi a nan. A 2021 ya fitar da iMac mai inci 24 da ɗigo 4480 da 2520, kusan 218 a kowane inci, sannan a watan Maris na 2022 ya daina sayar da mai inci 27. Masu zane da masu gyaran hoto suna aiki da mai inci 24 ɗin, saboda yawan ɗigon ya cike gurbin girman.

Tebur da wuya su ma suna da ta cewa

Hukumar kula da lafiyar ma'aikata a wuraren aiki ta Amurka, OSHA, ta ba da shawarar a bar tazarar santimita 50 zuwa 100 tsakanin ido da allo, kuma saman allon ya kasance daidai da ido ko ƙasa kaɗan.

Tebura da yawa a ƙananan shaguna da ɗakunan kwamfuta na makarantu ba su da zurfi. Bayan an ɗora kwamfutar, an ajiye kibod a gabanta, fuskar mai aiki takan kasance dab da allon. A irin wannan tazara, inci 24 yana shiga ido gaba ɗaya. Inci 27 kuwa sai an riƙa juya kai dama da hagu, kuma wanda ke buga takardu daga safe zuwa magariba zai ji a wuyansa.

Ga kuma batun tsayi. Da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci, musamman masu sauƙin kuɗi, ƙafarsu ba ta hawa ko sauka, karkatawa kawai take yi gaba ko baya. Idan ɗalibin ƙaramar sakandare ya zauna gaban inci 27, saman allon zai wuce kansa, ya wuni yana ɗaga haɓa. Makarantar da za ta cika ɗaki da kwamfutoci ta fi dacewa da inci 21.5 ko 24: ɗalibai sun samu daidai da su, benci ɗaya kuma ya ɗauki kwamfutoci da yawa.

Don haka kafin a je kasuwa, a ɗauki awon tebur. Idan zurfinsa bai kai kusan santimita 70 ba, a haƙura da inci 27.

Allo da inji, auren zobe

Wanda ya sayi kwamfutar tebur ta gargajiya yana iya canza allo duk ranar da ya ga dama. A all-in-one babu wannan dama. Girman da aka zaɓa a ranar saye shi za a zauna da shi har kwamfutar ta tsufa. Idan allon ya fashe, kwamfutar gaba ɗaya ce za ta tafi wurin mai gyara, kuma sai an samo allon da ya dace da wannan samfurin. Idan injin ne ya mutu, allo lafiyayye ya zama kayan ado, sai fa in samfurin yana da ramin HDMI na shigar da hoto daga wata na'ura, wanda ba kowanne ke da shi ba.

Wannan ya sa hatsari ne a kashe kuɗi a kan girman allo a bar injin da rauni. A kuɗi ɗaya, dillali kan iya ajiye wa mutum zaɓi biyu: inci 27 mai tsohon inji da ƙaramin RAM, ko inci 24 mai inji na baya-bayan nan da ma'ajiyar SSD. Na biyun ne zai buɗe da wuri ya kuma jure shekaru.

Masu sayen na hannu su ƙara kula. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance yana neman injin Intel na zubi na 8 zuwa sama, ko makamancinsa na AMD. Ana gane zubin daga lambar injin: i5-6500 na 6 ne, i5-8500 na 8. Ƙaton allo a kan inji na zubi na 6 kamar sabon fenti ne a jikin motar da injinta ya gaji.

A tambayi dillali ko ana iya ƙara RAM nan gaba, domin a wasu samfura an liƙe shi a jikin injin. A iMac na yanzu, alal misali, abin da aka saya da shi shi ke nan.

Wuta

Babban allo ya fi shan wuta, amma ba a nan babbar matsalar take ba. A ce bambancin wat 20 ne, ana aiki awa 10 a rana, kwana 26 a wata. Wannan yunit 5.2 ke nan. Ko a farashin naira 225 da hukumar NERC ta sa wa masu rukunin Band A a watan Afrilun 2024, bai kai naira 1,200 a wata ba. Inda lissafin ke nauyi shi ne wurin da ke da kwamfuta 30 ko 40 a kan inbata da sola, domin a can bambancin zai kai wat 600 zuwa 800, wanda ke nufin ƙarin batir.

Abin da ya fi shafar kowa shi ne kusan dukkan waɗannan kwamfutoci ba su da batir a ciki. Siffarsu kamar ta laftof ce da aka tsayar, amma da zarar an ɗauke wuta sai su mutu nan take, aikin da ba a adana ba ya tafi. Mai shagon da ya yi awa biyu yana buga wa ɗalibi kundin kammala karatu ya san zafin wannan. Rarar kuɗin da ke tsakanin inci 24 da 27, idan ta kai ta sayi UPS, ta yi aikin da ya fi ƙarin inci uku.

Waɗanda inci 27 ya dace da su

Akwai masu hujja mai ƙarfi ta zaɓen babba. Dattijon da idonsa ya fara rauni yana son manyan haruffa, kuma a wurinsa abin da ake ƙorafi a kai game da inci 27 mai Full HD shi ne ainihin abin da yake nema. Haka mai shagon da kwastoma ke tsayawa a bayansa yana duba sunansa da ranar haihuwarsa a fom kafin a tura. Haka gidan da kwamfutar za ta zama ta karatu da rana, ta kallon fim da dare, inda ake zama nesa da allon.

Masu tsara littattafai da katin biki suna da wani dalili na daban. Tsayin takardar A4 santimita 29.7 ne, kusan daidai da tsayin allo mai inci 24, don haka idan aka cire wurin da maɓallan manhaja suka cinye, shafin ba zai fito a ainihin girmansa ba. A inci 27 akwai ɗan sarari. Masu haɗa bidiyo da akantoci masu faffaɗan jadawali su ma za su mori babba. Sai dai duk waɗannan masu sana'a QHD ko 4K ya kamata su nema.

Wanda kuma yake ganin buƙatarsa za ta ƙaru nan gaba yana da mafita biyu. Ko ya sayi inci 24 mai ramin HDMI na fitar da hoto, ya ƙara allo na biyu idan hali ya yi, ko ya sayi ƙaramin akwatin kwamfuta da allo daban, kowanne ya canza shi lokacin da ya so.

Kafin a miƙa kuɗi

Gani ya kori ji. A sa dillali ya kunna kwamfutar. A danna ɓangaren dama na linzami a kan allo, a shiga Display settings, a duba lambar da ke ƙarƙashin Display resolution. Idan inci 27 ne kuma aka ga 1920 da 1080, an san abin da ake saye.

A ja kujera a zauna a irin tazarar da za a zauna a gida, a buɗe rubutu a karanta na 'yan mintuna, domin bidiyon da ake kunnawa a shago yana ɓoye kaushin haruffa. A cika allon da fari, sannan da baƙi, don a ga ko akwai mataccen ɗigo ko tabo. A leƙa shi ta gefe a ga ko launi yana dusashewa. Allo nau'in IPS ya fi riƙe launinsa. Mai shagon da ƙofarsa ke kallon rana ya guji allo mai sheƙi kamar madubi.

Idan bayan duk wannan mai saye bai iya faɗin aikin da inci 27 zai yi masa wanda inci 24 ba zai yi ba, ya ɗauki inci 24, ya sa ragowar kuɗin a RAM da SSD da UPS.