Sana'a Sa'a: In Maɓallan Kwamfuta Sun Ƙi Aiki

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan taso daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, ta lulluɓe Nguru da Gashuwa da hazo. Wannan ƙura mai laushi kamar garin alkama ba ta barin ido, ba ta barin tufa, haka kuma ba ta barin kwamfutar tafi-da-gidanka. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa a 2013, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, waɗannan na'urori sun yawaita a hannun ɗalibai da malamai da masu shagon buga takardu. To, ɗalibin da ya rage masa kwana uku ya miƙa kundin bincikensa, ya danna harafin "a" ya ga shiru, shi ya san zafin abin. Sau da yawa gaggawa kan sa ya biya kuɗin sabon allon maɓallai, ko ya aika da na'urar har Kano, alhali ciwon bai kai nan ba.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne inda cutar take, watau a jikin maɓallan ne, ko kuwa a saitin manhaja. Sai a kashe kwamfutar a sake kunnawa. In ba ta sake zani ba, a ari allon maɓallai na waje a jona shi ta kafar USB. Idan na aron ya yi rubutu sarai, galibi laifin na allon jikin na'urar ne. Idan shi ma ya ƙi, to a koma ga saiti.

Saiti uku ne suka fi ruɗin mutane a Windows. Wanda ya danne Shift na dama har daƙiƙa 8 yakan tayar da Filter Keys, sai na'ura ta riƙa ƙyale dannawar da aka yi da sauri. A ƙananan kwamfutoci kuwa, in aka kunna Num Lock, sai J da K da L su koma 1 da 2 da 3. Har ila yau, mai rubutu da Hausa ko Larabci yakan sauya harshe da Alt da Shift bai sani ba. Duk waɗannan ba su cin ko kwabo, gyaransu minti guda ne. Kafin a gama bincike kuma, akwai allon maɓallai na kan fuskar kwamfuta, wanda ake dannawa da linzami, ya isa a ƙarasa aikin gaggawa.

In ta tabbata ciwon na jiki ne, a duba yadda ya zo. Maɓalli ɗaya ko biyu masu tauri, galibi ƙura ce ta shige ƙarƙashinsu. A kashe na'ura, a cire caja, a karkata ta, a share da burushi mai laushi, a hura iska da famfon roba. Kada a sa tsinken tsintsiya ko allura, gama 'yan ƙafafun da ke riƙe da maɓalli na roba ne, saurin karyewa gare su. Amma in maɓallai da yawa suka mutu tare, wayar da ta haɗa su ce ta yanke ko ta kwance, wannan kuwa aikin mai gyara ne.

Shayi da zoɓo da fura sun fi ƙura ɓarna, domin sukari yakan daskare, danshi kuma ya ci wayoyi. In sun zube, a kashe nan take, a kife na'urar, kada a kunna sai gwani ya buɗe ta. Bugu da ƙari, zafin bazara a wannan yanki yakan wuce digiri 40. In aka ga maɓallai sun tasa sama kamar gurasa, batir ne ya kumbura, yana iya kamawa da wuta, sai a daina cajinsa a sauya shi.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Rufe kwamfuta bayan aiki, da ajiye ta cikin jaka, da nisanta kofin shayi, da adana kwafin aiki a filasha, sun fi kuɗin mota zuwa Kano sauƙi.