Daga Bakin Allo: Tambayar da ke ɓoye cikin tambaya

 A wannan wata zancenmu a kan lissafin zube ne, wato irin wanda ake kawo wa yaro ɗan labari, sai ya bi mataki biyu ko uku kafin ya kai ga amsa. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu na Maamobi da Nima a nan suke tuntuɓe tun daga aji huɗu na firamare, kuma tuntuɓen yana binsu har zauren jarrabawar BECE.

Abin mamaki, yarinyar da ta kasa wannan lissafi a takarda ita ce da yamma take tsare wa uwarta teburin koko da ƙosai, tana karɓar kuɗi tana ba da canji, ba a taɓa cutarta da pesuwa ɗaya ba. Kakarta ma har yanzu da tsohon kuɗi take ƙirga, ko da yake tun Yulin 2007 aka yanke sifiri huɗu daga sidi. In tsohuwa ta ce dubu hamsin, yarinya ta san sidi 5 ake nufi, ta kuma cire kuɗin sabulu ta kawo saura. Mataki biyu ke nan, a ka, ba alli ba allo. To, don Allah kada mu yi gaggawar cewa ba ta da kai.

Ga irin tambayar da nake nufi. Wata mata ta je kasuwar Nima ranar Laraba da takardar sidi 200. Ta sayi wake olonka 4, kowace a kan sidi 35, ta kuma biya kayayo sidi 20. Nawa ya rage mata? Wani yaro zai tattara duk lambobin da idonsa ya gani ya haɗa, ya rubuta 259, bai kuwa damu ba cewa matar ta komo gida da kuɗin da ya fi wanda ta fita da shi. Wani zai cire 35 da 20 daga 200, ya bar 4 ɗin nan a tsaye kamar baƙo. Dukansu sun iya tarawa da ɗebewa. Abin da ya kuɓuce musu shi ne tambayar da ba a rubuta ba: nawa ne kuɗin waken gaba ɗaya? Sai an sami 140, an ƙara 20 ya zama 160, sa'an nan 40 za ta fito.

Wannan cuta ba tamu ce mu kaɗai ba. Wajen 1980 wasu masu bincike a Grenoble ta ƙasar Faransa suka ce wa 'yan firamare, a cikin wani jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin nawa? Mafi yawansu suka ba da amsa, suka haɗa suka ce 36. Yaran nan da harshen gidansu aka tambaye su. Ina ga namu da ake tambaya da Turanci, alhali Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu?

Wata dabara da ta zama ruwan dare ita ce a ce wa yara, in kun ga "more" ku tara, in kun ga "left" ku ɗebe. A ganina wannan gurguwar dabara ce. Tana aiki a aji biyu, amma a aji biyar sai ta juya ta ciji mai ita. Ka ce Musa yana da lemo 12, ya fi Ali da 5, nawa Ali yake da shi? A Turanci kalmar "more" tana nan zaune a cikin jimlar, yaro kuwa zai rubuta 17 da murnarsa.

Abin da na ga yana aiki a aji shi ne a hana taɓa fensir tukuna. A karanta tambayar sau biyu, a rufe littafi, yaro ɗaya ya tashi ya ba da labarin da Hausa, ko Ga, ko Twi, duk wanda bakinsa ya fi sabawa da shi, ba tare da ambaton ko lamba ɗaya ba: wata mata ta je kasuwa da kuɗi, ta sayi wake, ta biya 'yar dako, ana so a san ragowar. In ya kasa, malam ya gane ke nan ciwon na karatu ne, sai a koma can a yi magani. In ya iya, sai a tambayi aji, me ya kamata mu fara sani kafin mu san ragowar? A nan nake ɓata lokaci mai yawa, wani sa'in minti goma a kan tambaya guda, domin gara tambaya uku da aka tauna da ashirin da aka haɗiye. Bayan haka sai zane: dogon sanda ɗaya a allo shi ne sidi 200, a yanka gida huɗu daidai wa daida na wake, ƙaramin gida na kayayo, abin da ya saura a sa masa alamar tambaya. Makarantun Singafo sun kama wannan zane tun shekarun 1980.

Daga ƙarshe a mai da amsa cikin labarin a gani ko ta zauna. Yara 50 za su tafi yawon buɗe ido, kowace torotoro tana ɗaukar 14, mota nawa za a kira? Mai rubuta "3 saura 8" lissafinsa daidai ne, amma ya bar yara takwas a bakin titi.

Malamanmu na zaure ba baƙin wannan aiki ba ne. Rabon gado lissafin matakai ne tsantsa. Mutum ya rasu ya bar mata da ɗa da 'ya, bayan an biya bashi da wasiyya ya rage sidi 2,400. A fitar da tumunin mata, 300. Saura 2,100 a kasa uku, 'ya ta ɗauki 700, ɗa 1,400. Ba malamin da zai soma rabo kafin ya tambayi wa da wa aka bari, da abin da za a fara fitarwa. Da malaman boko da na Islamiyya za su zauna tare ko sau ɗaya a zangon karatu, da kowa ya ƙaru.

Ku kuma iyaye, ba sai kun iya Turanci ba. In yaro ya kawo aikin gida, ku ce ya fassara muku labarin, ku yi ta masa tambaya kamar ba ku gane ba. In za ku aike shi, ku haɗa masa saye biyu ko uku, ya faɗi canjin da zai kawo tun bai fita ƙofa ba. Mamadin makaranta da lesin da yamma da gudun aike sun isa yaro gajiya, saboda haka tambaya ɗaya a dare ta wadatar.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓo lissafin kashi, wato rabi da sulusi da rubu'i. Malamin da ke da wata dabara da ta yi masa aiki a aji ya aiko ta hannun edita.