Zaman Aro a Ƙasar Tailan

A Tailan akwai baƙin da suka mai da bakin iyaka wurin sabunta zamansu. Da wa'adi ya kusa cika sai mutum ya hau mota zuwa Nong Khai, ya haye gadar kogin Mekong da aka buɗe a 1994, ya taka ƙasar Laos, a buga masa hatimi, ya juyo da sababbin kwanaki a fasfo. A takarda ɗan yawon buɗe ido ne, alhali yana da gidan haya, wani ma har da ajin da yake koyar da Turanci. Ina tausaya masa, amma ban yarda wannan dabara ce ba. Rayuwarsa gaba ɗaya tana hannun jami'in da ke bayan tagar bakin iyaka, wanda ke da ikon cewa a'a ranar da ya ga hatimi ya yi yawa. Kuma idan mai aiki ya danne masa albashi, wa zai kai wa ƙara, shi da ba shi da izinin aiki? Hukuma ma tana da nata laifin, don ta daɗe tana kau da kai kafin a ƙarshen 2016 ta taƙaita shigowa ta ƙasa ba biza zuwa sau biyu a shekara. Bizar shekara biyar da ta fito da ita a 2024 gyara ce ta gaskiya, sai dai tana neman mutum ya nuna baht 500,000 a asusunsa, kuɗin da ƙaramin malami ba zai tara cikin sauƙi ba.