Me Muke Zubawa a Tankin?

A Amurka direba kan tsaya gaban famfo ya zaɓa: fetur mai kashi 10 cikin ɗari na ethanol, ko tsantsa wanda ya fi tsada. Mu a Gwandu da Kalgo zaɓinmu bai wuce gidan mai ko kwalbar ɗan bumburutu ba, kuma duk babu mai gaya maka abin da ke ciki. Motar zamani tana shan gaurayen lafiya lau. Wanda nake ji wa shi ne manomin shinkafar rani, domin ethanol na jan danshi; injin ban-ruwa ya kwana biyu a ajiye da mai a ciki, sai kabureta ta toshe, robobi su taurare, ga shuka tana jiran ruwa. Ba mu manta Fabrairun 2022 ba, da fetur mai yawan methanol ya shigo ƙasar nan ya lalata injinan mutane. Tun 2017 Jihar Kebbi ta ƙulla yarjejeniya da NNPC kan sarrafa rake da rogo su zama ethanol, kuma ina maraba da hakan. Amma duk ranar da aka fara gaurayawa, a rubuta adadin ɓaro-ɓaro a jikin famfo, da Hausa.