Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Kano: Murar da Ba Mura Ba

Ranka ya daɗe,

Ina rubuto maka ne daga ƙasar Rano a kan wani ciwo da ke shigowa da rigar mura.

Hunhunar da muke gani a jikin gyaɗa da masara idan sun sha danshi a rumbu, ƙurarta muke shaƙa wajen sussuka da shiƙa. Yawancinmu ba ta yi mana komai. Amma a wasu takan yi gida a kogon hanci, kuma ƙashin da ya raba kogon nan da ido da ƙwaƙwalwa bai fi ɓawon ƙwai kauri ba. In ta huda shi, sai ido ya turo, gani ya rabu biyu ko ya tafi, a wayi gari da farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki. A nan ne dangi kan ce jifa ne, a nufi gidan mai magani.

Likitoci a Sudan sun daɗe da sanin wannan ciwo a wurin manoma, ga shi zafinsu da ƙurarsu irin namu ne. A Indiya kuwa, a 2021, wata muguwar irinta ta kama sama da mutum 40,000, galibi masu ciwon suga da aka ɗirka wa magunguna irin su dexamethasone lokacin korona. Wannan ƙwayar ta dexamethasone ce fa ake sayarwa a kemis-kemis ɗinmu ba takardar likita, har mata na shanta don ƙiba.

Ba na roƙon a kawo likitan ƙwaƙwalwa ƙauyukanmu. Na san aljihun gwamnati. Roƙona a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocinmu alamu: hanci ɗaya da ya toshe wata da watanni, majina mai jini ko baƙi, ciwon kai a gefe guda, kumburin ido, musamman ga mai suga. Wanda aka gani da haka, kada a sake rubuta masa maganin mura. A auna sugansa, a haɗa shi da takarda daga Babban Asibitin Rano zuwa Asibitin Malam Aminu Kano a ranar, domin maganin ciwon nan hoton kai ne da tiyata da allurar amphotericin B, mai tsadar da ta fi ƙarfin manomi.

A taimaka a sa allurar nan cikin magungunan da gwamnati ke tallafawa, a kuma leƙa kantunan magani na ranar kasuwa saboda dexamethasone ɗin nan.

Wassalam,
Wani ɗan ƙasar Rano