Ba Mustafa Kamal Kaɗai Ya Tsare Galipoli Ba

Duk inda aka tayar da zancen Galipoli, labari ɗaya ake maimaitawa: Ingila da Faransa sun taho ta teku a 1915, Mustafa Kamal ya tare su, ya kore su. Ban yarda da wannan ba, kuma yana ɓata mini rai, domin yana danne haƙƙin dubban mutane, yana kuma ɓoye ainihin abin da ya yanke hukunci, wato yadda kowane ɓangare ya tsara rundunarsa.

A dubi maharan. Janar Ian Hamilton yana da rassa biyar, sojoji wajen 75,000: Turawan Ingila, Faransawa, 'yan Ostareliya da Niyu Zilan. Amma ba shi da iko da jiragen ruwan da za su sauke su. Waɗannan suna hannun Admiral de Robeck. An yi lodin kaya a hargitse, bindiga a wannan jirgi, harsashinta a wancan, dole aka juya zuwa Iskandariyya a sake lodi. Wajen wata guda ya salwanta, bayan harin 18 ga Maris, ranar da nakiyoyin ƙaramin jirgin Usmaniyawa mai suna Nusret suka hallaka manyan jirage, ya riga ya tona asirin niyyarsu.

Wannan watan Usmaniyawa ba su yi barci ba. An kafa Runduna ta Biyar ƙarƙashin Bajamushe Liman von Sanders, mai rassa shida: biyu a Bolayir, biyu a gaɓar Asiya, ɗaya a kudancin zirin Galipoli, ɗaya a ajiye. Maimakon a jera sojoji bakin ruwa igwa ta cinye su, sai aka bar 'yan tsiraru suna gadi, aka tara ƙarfi a baya, aka gyara hanyoyi, ana atisayen tafiyar dare. Reshen da aka ajiye shi ne na 19, na Mustafa Kamal. Wa ya ajiye shi a inda zai yi amfani? Wa ya horar da mutanen? Esat Fasha, shugabansa, wanda ya sha wuyar Yaƙin Balkan, ba kasafai ake jin sunansa ba.

Ranar 25 ga Afrilu ma, da maharan suka sauka, rejimanti ta 27 ta Shafik Bey ce ta fara isa tuddan Ari Burnu, kafin ta 57 ta Kamal. A Saddul Bahar bataliya ɗaya ta Manjo Mahmud Sabri ta tsare maharan da ke fitowa daga jirgin River Clyde har dare, ruwa ya yi ja da jini. Rejimanti biyu cikin uku na Kamal kuwa Larabawa ne daga yankin Sham. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba na musun cewa Kamal ya yi ta-maza. Ya motsa bai jira umarni ba, kuma ya yi daidai. Amma a wannan safiyar sojojin Ingila wajen 2,000 sun sauka a gaɓar da suka laƙaba wa Y ba tare da an harba musu ko harsashi ba, suka zauna, hafsoshinsu biyu ba su ma tantance wane ne shugaba ba. Hamilton yana can cikin jirgin Queen Elizabeth, ya ƙi tilasta wa janar ɗinsa ya tura musu ƙari. Washegari aka kwashe su.